Gaskiya da Ƙarya a Saƙon da Ke Yawo Kan "Advice" da "Advise"

Saƙon da ake turawa a WhatsApp tsakanin ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da NECO ya haɗa gaskiya da ƙarya game da kalmomin Turanci "advice" da "advise". Ya yi daidai da ya ce furucinsu ya bambanta, domin ta farko tana ƙarewa da sautin "s", ta biyu kuma da sautin "z". Da'awarsa cewa "advices" ne jam'in kalmar "advice" ba ta da tushe a Turancin yau da kullum, saboda suna ne da ba a ƙirga shi.

Da'awar da ta fi cutarwa ita ce wai kalmomin biyu abu ɗaya ne, ɗaya rubutun Ingila, ɗaya na Amurka, don haka ɗalibi ya zaɓi wadda ya ga dama. Wannan kuskure ne, domin a ƙasashen biyu "advice" suna ne, wato kalmar da ke ambaton abu, a nan shawara, yayin da "advise" aikatau ne, wato kalmar da ke nuna aiki, a nan ba da shawara. Ɗalibin da ya rubuta "I need your advise" ya sa aikatau a gurbin suna, kuma babu nahawun wata ƙasa da zai kare shi, ko a takardar jarrabawa ko a wasiƙar neman aiki.

Waɗanda suka gaskata saƙon suna da uzuri, domin bambancin rubutu tsakanin ƙasashen tabbas ne, kuma ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafa irin su "color" a Amurka maimakon "colour". Haka kuma Amurkawa suna rubuta "practice" ga suna da aikatau duka, alhali Turawan Ingila suna ware "practise" ga aikatau, kuma mai yiwuwa daga nan ruɗanin ya samo asali. Wanda ya ƙaga saƙon ne ba shi da uzuri, tun da buɗe ƙamus sau ɗaya ya isa ya hana shi ɓatar da yaran mutane.

Ma'aunin da ɗalibi zai riƙe mai sauƙi ne: bayan "my", "your" ko "some" a rubuta "advice", bayan "will", "should" ko "can" kuma a rubuta "advise". Duk wanda ya riga ya tura saƙon, wajibi ne ya bi shi da gyara a inda ya tura shi.