Giya, Hanta da Hawan Jini: A Auna Tun da Wuri

Ya ɗan'uwa mai nema a Babbar Kasuwar Njamena ko ta Dembe, da kai mai ƙetare gadar Ngeli zuwa Kusiri da kaya, cututtuka biyu ne ke shiga jiki ba sallama: lalacewar hanta da hawan jini. Giya na cikin abubuwan da ke jawo su, ko bilbil ce, ko arge, ko ta kwalba.

Hanta ce ke tace barasar da aka sha. Idan aikin ya yi mata yawa, wasu sinadarai nata sukan ƙaru a cikin jini. A asibiti ana kiran su GGT, ALT da AST. GGT ne ya fi saurin tashi ga mai yawan sha, sau da yawa tun bai fara jin ciwo ba. Bincike ya nuna cewa masu yawan GGT sun fi shiga haɗarin kamuwa da hawan jini nan gaba. Barasa kanta tana sa zuciya saurin bugawa, ta kuma ɗaga jini, wanda ƙarshensa kan kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Amma kada a zargi kowa saboda sakamakon awo. Ƙiba, ciwon suga, ciwon hanta nau'in B da wasu magungunan farfaɗiya su ma suna ɗaga waɗannan sinadarai ga wanda bai taɓa ɗanɗana giya ba.

Ka je cibiyar lafiya a auna maka jini. Idan ya kai 140/90 a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Ka nemi gwajin hanta, ka kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da kake sha. Rufa maka asiri wajibi ne a kansa.

Idan ka daina, GGT yakan sauka cikin 'yan makonni, jini ma yakan ragu. Sai dai wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai, domin rawar jiki da jijjiga na iya kama shi. Ya bari a ƙarƙashin kulawar likita.

Ke kuma uwargida, da ku 'yan'uwa, gori ba ya magani. Ku raka shi awon.