Mutuwar Injin Ƙaramin Jirgin Sama da Saukar Dole

1.0 Gabatarwa

Dattawan Zangon Lome, unguwar Hausawa da aka tasa daga tsakiyar birni zuwa Agoe a 1977, ba su manta da ranar 24 ga Janairu, 1974 ba. A ranar ce jirgin DC-3 da ke ɗauke da Shugaba Eyadema ya faɗi a Sarakawa, kusa da Kara, a arewacin Togo. Shugaban ya tsira, wasu daga cikin abokan tafiyarsa suka rasu. Gwamnati ta ce maƙarƙashiya ce, jama'a da dama kuwa suka ɗauka cewa tsira daga faɗuwar jirgi sai mai asiri. Wannan takarda za ta nuna cewa a ƙananan jirage, mutuwar inji tana da sanannun dalilai, kuma sauka bayanta abu ne da ake koyo.

2.0 Yadda Injin Yake Aiki

Ƙaramin jirgi irin Cessna 172, mai kujera huɗu, inji ɗaya gare shi, mai fistin, wanda ke juya farfela. Ta fuskar aiki, ɗan'uwan injin babur ne irin na 'yan zemijan, wato 'yan acaɓan Lome. Abu uku yake bukata: mai da iska da wuta. Duk wanda ya yanke daga cikinsu, inji ya mutu. Saboda haka aka sa wa kowace silinda fulogi biyu, kowane da maganeto nasa, ta yadda ko batir ya mutu wuta ba za ta yanke ba.

3.0 Dalilan Mutuwar Inji

3.1 Mai

Wannan yana cikin manyan dalilai, kuma galibi sakacin ɗan Adam ne. Wani lokaci mai ne ke ƙarewa saboda kuskuren lissafi, ko iskar gaba da ta tsawaita tafiya. Wani lokaci kuma akwai mai a fiffike ɗaya, amma matuƙi ya bar makunni a kan tankin da ya ƙafe. Sai kuma ruwa. Raɓa tana taruwa cikin tankin da ya kwana ba a cike ba, kuma da yake ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda inji ke zuƙa. Shi ya sa kafin kowane tashi matuƙi yake tsiyayo mai a ɗan kofi ya duba. Fetur ɗin waɗannan jirage, 100LL, shuɗi ne, domin a bambanta shi da kananzir ɗin manyan jirage, wanda ke lalata injin fistin.

3.2 Ƙanƙara a Kafireta

Abin mamaki, ƙanƙara tana iya kashe inji a gari mai zafi kamar Lome. Idan iska ta kutsa ta maƙogwaron kafireta, fetur kuma ya zama tururi, zafin wurin yakan faɗi da digiri 20 ko fiye. In iskar tana da laima, kamar ta bakin teku, sai ruwan da ke cikinta ya daskare ya toshe hanya. Hakan na iya faruwa ko da zafin gari ya haura digiri 30. Alamarsa ita ce ƙarfin inji ya riƙa raguwa a hankali, sannan ya soma kakari. Maganinsa wani maɓalli ne da ke shigo da iska mai zafi. Da farko kakarin yakan ƙaru saboda narkakken ruwa, kuma a nan ne matuƙi mai firgita kan mayar da maɓallin tun aiki bai kammala ba.

3.3 Ƙura da Zafi da Lalacewa

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, tsiyayar baƙin mai kuma tana sa inji ya ƙone. Zafin rana yana rage kaurin iska, sai ƙarfin inji ya ragu. Ko manyan jirage ba su tsira daga wannan ba. A ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin EAS ya zarce ƙarshen titin tashi a Kano da tsakar rana, injinansa suka shaƙi ƙura, ya faɗa unguwar Gwammaja, mutum fiye da 100 suka rasu.

4.0 Saukar Dole

Jirgin da injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse, lilo yake yi kamar shirwa. Cessna 172 yana cin kusan mita 9 a gaba kan kowace mita ɗaya da ya sauko. Ke nan daga nisan mita 1,000 a sama, matuƙi yana da tazarar kilomita 9 da minti huɗu ko biyar.

A makarantun koyon tuƙi, kamar ta Zariya da aka kafa a 1964, malami yakan rage wutar inji ba zato, ɗalibi ya bi matakai a jere. Da farko ya sunkuyar da hancin jirgi ya riƙe gudun kilomita 120 a awa. Sannan ya zaɓi fili, ko gona ko rairayin bakin teku, ya fuskanci iska. Daga nan ya gwada tayar da inji. In ya ƙi, ya kira taimako a mita 121.5, ya rufe mai, ya ɗan buɗe ƙofa kada ta cije.

Lokaci mafi haɗari shi ne jim kaɗan bayan tashi. Zuciya takan raya wa matuƙi ya juya ya koma filin da ya baro, alhali juyawar tana cinye ɗan nisan da yake da shi, jirgi ya kife. Ƙa'ida ita ce ya sauka a abin da ke gabansa, ko da jirgin zai lalace.

5.0 Kammalawa

An ga cewa yawancin abin da ke kashe inji a sama ana iya gano shi tun a ƙasa, da kofin duba mai da lissafi da kula da gyara. In kuma matuƙi ya ga abin da bai gamsu da shi ba, Bahaushe ya riga ya yanke hukunci: da muguwar rawa gara ƙin tashi.