Ko Ka San Farantin Sola Ba Ya Son Zafi?

Mutane da yawa sun ɗauka idan rana ta ƙwalle a watan Afrilu, lokacin ne kakar farantin sola ta yanke saƙa. Ba haka abin yake ba. Haske yake buƙata, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi.

Ƙarfin da ka gani a rubuce a bayansa, wat 400 ko 550, an auna shi ne jikin farantin yana digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. Daga nan duk digiri ɗaya da ya ƙaru, yakan yi asarar wajen kashi 0.4 cikin 100. To a tsakiyar bazara a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, iska kanta takan kai digiri 40, jikin farantin kuma ya kai 65. Idan ka buga lissafi, mai wat 400 ya zubar da wat 64 ke nan, alhali lafiyarsa ƙalau.

Dalili shi ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ke sauka a kansa ne kawai ke zama lantarki. Mafi yawan sauran zafi yake komawa. Farantin ba shi da fanka, don haka ranar da iska ta ɗauke, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da yake hucewa ita ce iskar da shi da kansa yake motsawa. Iskar da ta taɓa jikinsa takan ɗumama, ta buɗe, nauyinta ya ragu, ta yi sama kamar hayaƙin murhu, wadda ta fi ta sanyi ta maye gurbinta.

A fuskar farantin wannan ba wuya, iskar ta ɓalle ta tafi abinta. A ƙarƙashi ne ake yin ta. Idan an shimfiɗe shi kwance, iska mai zafi tana son hawa amma farantin ya tare ta kamar murfin tukunya, sai ta taru tana silalewa ta gefe a hankali. Idan kuwa a karkace yake, sai ta manne da bayansa tana bin gangaren zuwa sama, ta fice ta bakin sama, tana janyo sabuwa ta bakin ƙasa. Gwargwadon miƙewar farantin, gwargwadon saurin hawan iskar. Da wannan hikimar ce akwatin busar da tumatir mai aiki da rana ke zuƙo iska ba tare da inji ba.

Sai dai mu a nan ba mu da damar miƙe shi sosai. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana kusan ta tsakar ka take bi, shi ya sa ake karkata farantin da digiri 10 zuwa 15 kawai, yana kallon kudu. Gangaren kaɗan ne, jan iskar ma ba ƙarfi. Saboda haka abin da ya rage mana shi ne tazara.

Abin yana damuna idan na ga an ɗaure faranti a jikin kwanon rufi, ko yatsa ba zai shiga tsakani ba. Kwanon da kansa ƙuna yake da rana, iska ba ta da mashiga balle mafita. Mai gida ya kashe kuɗi masu yawa, sannan ya yi ta zargin batir ko inbata.

Idan za a haɗa maka sola, ka ce wa mai aikin ya ɗaga farantan a kan ƙarafa, ya bar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsu da kwano, bakin ƙasa da na sama duk a buɗe. Idan kuma an riga an haɗa, ka sa a leƙa ƙarƙashinsu da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, a cire leda da busasshen ganye da sheƙar tsuntsaye.