Ina Za a Ɗaure Rile? Tambayar da Masu Ƙera Jirgi a Gida Ba Su Cika Yi Ba

A shekarar 2007 wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya sa duniya ta waiwayo da jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da hannunsa. Injin Honda Civic ya ɗora masa, kujeru ya ciro daga tsohuwar Toyota, wasu sassan kuma daga tarkacen wani Boeing 747 da ya yi haɗari a kusa da Kano. Wata takwas ya yi yana fama, jirgin kuwa ya ɗaga kimanin ƙafa bakwai daga ƙasa. Daga lokacin zuwa yau ba a daɗewa ba a ji wani matashi a Arewa ya fito da nasa ba, jama'a su yi dafifi, kowa na tambaya ɗaya: zai tashi?

Yaron da ke lanƙwasa gwangwani da kwali a lungunan Katuzu a Gashuwa, yana liƙa wa jirgin wasansa farfela da batirin tocila, shi ne gobe zai nemi injin gaske. Saboda shi nake so mu yi wata tambayar da 'yan kallo ba sa yi. Ina batir yake zaune, ta ina wayarsa ta bi, kuma a ina aka ɗaure rile?

A ƙaramin jirgi mai inji a gaba, akwai farantin ƙarfe da ke tsaye tsakanin injin da ƙafafun matuƙi. Ita ce katangar tare wuta. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta Amurka, wadda masu ƙera jirgi a gida ke koyi da ita a ƙasashe da dama, ta ce katangar ta iya jure harshen wuta mai zafin digiri 1,093 na ma'aunin Salshiyas har minti 15. Farantin ƙarfe mara tsatsa mai kaurin inci 0.015 ya cika wannan sharaɗi. Alminiyam kuwa, wanda shi ne ya fi sauƙin samu wurin 'yan gwangwan, yana narkewa tun a digiri 660. Minti 15 ɗin nan su ne damar da matuƙi ke da ita ya nemi fili ya sauka idan gobara ta tashi a gaba.

Shi kuma rile, duk mai gyaran wayarin mota a Gashuwa ko Nguru ya san shi. Makunni ne da wuta kaɗan ke sarrafawa domin ya saki wuta mai yawa, kamar yaro ɗaya ya ɗaga murfin madatsa ruwa ya malale fadama. A cikinsa akwai naɗaɗɗiyar waya da ke zama maganaɗisu idan ta sha wuta, sai ta jawo ƙarfe ya haɗa manyan kawuna biyu. Da wannan dabara matuƙi ke taɓa ɗan makunni a gabansa da siririyar waya, alhali katuwar wutar tana can nesa da jikinsa.

Manyan rile biyu ne a irin wannan jirgi. Na farko shi ne babban rile, wanda ke haɗa batir da jirgin gaba ɗaya. An yi shi ya zauna a kunne tun daga tashi har sauka, yana cin kimanin amfiya ɗaya. Na biyu na kik ne, wanda ke sakar wa kik wuta ta amfiya 200 ko fiye na 'yan daƙiƙoƙi kawai. A ido kamarsu ɗaya, kuma nan ake samun matsala. Idan aka sa na kik a gurbin babban rile, zai yi zafi ya ƙone ana tsakiyar tafiya.

Babban rile a gindin batir ake ɗaure shi, iya kusancin da za a samu. Dalilin yana da nauyi. Guntuwar wayar da ke tsakanin kan batir da rile kullum a raye take, ba makunnin da ke kashe ta, ba fiyus a kanta. Idan jijjigar inji ta goge rigarta ta taɓa ƙarfen jirgi, ba abin da matuƙi zai iya yi daga kujerarsa; za ta yi ja, ta narke, ta kunna abin da ke kusa. Tsawon taƙi ɗaya na irin wannan waya abu ne da za a iya rufewa a tsare. Tsawon kamu uku da ya ratsa katanga ya bi ta ƙarƙashin ƙafar mutum kuwa, kasada ce da rai. Shi ya sa da yawa suke ɗora batir a jikin katangar ta ɓangaren inji, babban rile a gefensa, na kik a maƙale da shi da guntun farantin tagulla, daga nan waya mai kauri ta miƙe zuwa kik. Abin da zai ratsa katanga ya shiga wurin matuƙi sai ƙananan wayoyi da wayar da ke ciyar da allon fiyus, kowace huda kuma a sa mata zobe, a toshe ta da abin da wuta ba ta ci. Katangar da aka yi wa huda goma aka bari a buɗe ba ta tare komai, hayaƙi ma ta nan zai shigo.

Ɓangaren inji kuwa yana da nasa sharrin. Akwai zafin salansa, akwai mai, akwai girgiza. A nisanta rile daga salansa, kada kuma a sa shi ƙarƙashin tiyon fetur inda ɗigo zai sauka kan tartsatsi. Waya a sama take bi, tiyo a ƙasa. A rufe kawunan da hular roba, domin sifana ɗaya da ta suɓuce ta haɗa kai da katanga ta isa ta jawo gobara tun jirgi na ƙasa. A kan naɗaɗɗiyar wayar ana sa ɗan dayod, saboda idan aka kashe rile takan mayar da wata wuta mai ƙarfi da ke cinye makunni a hankali. Masu wannan sana'a sun daɗe suna muhawara kan ko a tsaye ko a kife za a ɗaure na kik, don gudun kada nauyin juyi a sama ko dirar saukar da ta yi tsanani su haɗa shi da kansa. A ganina a bi takardar wanda ya ƙera shi, sannan a tabbatar ruwa ba zai kwanta a cikinsa ba.

Mu a nan sai mun ƙara da lissafin ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu zafin Gashuwa yakan haura digiri 40 a inuwa, kafin inji ya ƙara nasa. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ta haɗu da maiƙo ta zama dauɗar da ke hana kawuna haɗuwa sosai. Rilen da aka ciro daga matacciyar mota, ba a san shekarunsa ba, bai cancanci a rataya masa ran mutum ba.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Injin jirgi na asali, irin Lycoming, yana da magneto biyu da ke samar wa fulogi wuta da kansu. Ko matuƙi ya ji ƙauri ya kashe babban rile, injin zai ci gaba da juyawa. Injin mota ba haka yake ba. Fulogoginsa da lantarki suka dogara, sababbin ma har famfon mai da birenbos. Idan rile ɗaya ya saki, mota gefen titi za ta gangara, jirgi kuwa ƙasa zai nufa. Tunda matasanmu injin mota da na babur suke iya samu, wajibi ne wutar da ke riƙe da injin ta sami hanya biyu da ba su haɗa rile ɗaya ba, da ƙaramin batir na ko-ta-kwana.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Arewa. Jirgin Air Beetle da Rundunar Sojin Saman Nijeriya ta horar da matuƙa da shi, daga RV-6A aka samo shi, ƙirar kamfanin Van's Aircraft na jihar Oregon da aka yi domin masu haɗa jirgi a gida, kuma a Kaduna kamfanin AIEP ya harhaɗa kimanin 60. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyi. A Amurka, ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida, EAA, da Paul Poberezny ya kafa a 1953 tana da ƙwararru masu zuwa har gida su duba aikin mai ƙira kafin ya rufe shi.

Irin wannan dubawa ce ba ta isa ga yaranmu. Ina roƙon Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta riƙa gayyato injiniyoyi daga Zariya ko Kaduna su zauna da masu wayarin da matasa masu ƙirƙira na Bade da Nguru. Kai kuma ɗan'uwa mai ƙira, kada ka ɗora kowa, har kai kanka, kafin masani ya bi wayoyinka ɗaya bayan ɗaya, kuma hukumar kula da jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, ta ba ka izini.