Mazaɓar Bakura Da Maradun: Tsakanin Ƙuri'a Da Kotu

Cikin gwamnonin farar hula biyar da aka yi a Jihar Zamfara tun da aka cire ta daga Jihar Sakkwato a 1996, uku daga yammacinta suka fito: Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura, da Alhaji Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, da Alhaji Bello Matawalle na Maradun.

Mazaɓar Bakura da Maradun, inda mutanen Damaga suke jefa ƙuri'a, ta aika da Matawalle Majalisar Wakilai sau uku, daga 2003 zuwa 2015. A zaɓen gwamna na 2015, Yari ya kada PDP. A 2019 ma APC aka bayyana ta ci, sai ran 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unta duka, saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba. Kujerar ta faɗo wa Matawalle. Talakan da ya yini a layi cikin zafin rana, sakacin manyan jam'iyya ya cinye masa ƙuri'a.

A 2021 Matawallen ya koma APC ɗin, a 2023 kuma Alhaji Dauda Lawal na PDP ya karɓe kujerar.