Zumunci da Kuɗin Mota

Ana yawan cewa dogaro da mota ciwon Amurka ne, can inda ko burodi mutum zai saya sai ya tayar da inji. Wannan magana ta ishe ni. Mai faɗinta ya je Furfuri, a ƙaramar hukumar Bungudu, ya dubi masu jiran abin hawa zuwa Gusau. Akasarinsu ba su mallaki ko taya ba, amma babban asibiti da banki da ma'aikatu duk suna can, sai an hau abu mai shan fetur: bas, ko Keke Napep, ko kabu-kabu. Mai mota ko tanki ya yi ƙasa yana da dabara. Marar mota kuwa sai yadda direba ya yanka masa.

Da can akwai wata hanyar. A 1929 layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau har Ƙaura Namoda. Don gyaɗa da auduga Turawa suka shimfiɗa shi, amma talaka ya raɓa, ya shiga tarago da buhunsa da kajinsa a kuɗi kaɗan. Da jirgin ya durƙushe, sai komai ya koma kan kwalta. Masu shayi da 'yan tireda suka bi, hira ta tashi daga zaure ta koma bakin tasha.

Kowa ya san zumunci a ƙafa yake. To, yanzu lita ce ke auna ƙafar. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta kai wajen 500. Wa ya fara ji a jikinsa? Mata, domin su ne ke riƙe da biki da suna da dubiya. Gida ya koma tura mutum ɗaya a madadin biyar, gaisuwar mutuwa ta koma ta waya.

Zamfara ma ta ga abin da ya fi haka a Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin Matawalle, saboda 'yan bindiga, ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya. Ƙauyen da ke dogaro da 'yan bumburutu ya wayi gari babura a jingine, ga mara lafiya kwance, kuma babu halin kiran ɗan'uwa a Gusau.