Ƙofar da ƙarambau ke cika cikinsa ta ita

Daga Dogon Dutsi har Tibiri, da wuya a sami uwar da ba ta san ƙarambau ba: zazzaɓi, sai ƙuraje masu ruwa su feso wa yaro, ya yi ta susa. Yakan warke, amma ƙwayar ba ta barin jiki. Laɓewa take yi a jijiyoyi, shekaru da yawa bayan nan ta farka, ta fito wa dattijo da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki.

Bairos ɗin da ke haddasa wannan ɗan gidan hafis ne, kuma gininsa abin mamaki ne. Kwansonsa na da kusurwa 12. Goma sha ɗaya a toshe suke, ɗaya ce kaɗai ke da ƙofa, wani zobe na furotin 12 da suka jeru kewaye da rami. Kamar rumbun ƙasa yake, sai an gama gini ake zuba hatsi ta baki. Zaren DNA da ake cusawa ta nan ya ninka faɗin kwanson fiye da sau 300, kuma ta nan zai fita ranar da bairos ya sami wanda zai harba.

A jikin phi29, bairos mai kama bakteriya wanda shi ma yake da irin wannan ƙofa, aka fara ganin siffar zoben dalla-dalla, a ɗakin binciken Michael Rossmann na Jami'ar Purdue ta Amurka, a 2000. A 2001 Carlos Bustamante da abokan aikinsa suka auna ƙarfin injin da ke tura zaren, suka ƙiyasta cewa matsin cikin kwanson ya ninka na tayar mota fiye da sau 20. Tun 1978 masana ke zaton zoben juyawa yake yi, sai gwajin 2007 ya nuna ba ya juyawa. Wani furotin ne daban ke maƙalewa a bakinsa, yana ƙona makamashi yana turawa.

Ga inda abin ya shafi majinyaci: jikin ɗan Adam ba shi da irin wannan inji, don haka maganin da ya tsayar da shi ba zai sami makamancinsa a jikinmu ya lalata ba. A 2017 Amurka ta amince da Letermovir, wanda ke hana injin CMV, ɗan'uwan ƙarambau, kammala aikinsa. Wannan bincike ya cancanci samun gurbi a jami'o'in Yamai da Maraɗi.